Muryar Malam ta dishe, mu kuwa amshi kaɗai muka iya

Maganarmu ta yau za ta ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da mu. Kuma gara mu faɗa tun yanzu, akwai zancen Yahudawa a ciki, don kada wani ya kai tsakiya ya ce an yi masa shigo-shigo ba zurfi.

Mu goma sha ɗaya ne a unguwarmu da ke amshin Ishiriniya. A cikinmu akwai tela, akwai ɗan kabu-kabu, akwai mushen lakwal, akwai masu kai rake kasuwa daga fadamun Bande da Wacha. Da rana kowa na wajen nemansa, da dare mu haɗu a fada mu sha shayi. Amma in watan Rabi'ul Awwal ya kama, tun daren farko har zuwa daren Mauludi, a ƙofar zauren Malam za ka same mu bayan isha'i. Malam ya ja baiti, mu amsa. Haka muka tarar da iyayenmu suna yi a bayansa, mu ma muka shiga sahu tun muna riƙe musu fitila.

Ga wanda bai sani ba, Ishiriniya waƙar yabon Manzon Allah (SAW) ce da Alfazazi, mutumin Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, ya tsara. Ya rasu a shekarar 1230. An jera ta bisa haruffan Larabci, kowane harafi baiti ashirin, daga nan sunan ya fito. Littafin dai ba a rasa shi, ko a kasuwa za ka saya. Abin da ba ya cikin littafi shi ne karin muryar. Malam yana da kari daban-daban da yake sauya wa haruffa, wani a hankali kamar mai rarrashin yaro, wani da ɗan sauri har sai ka ga tsofaffi suna kaɗa kai. A bakin malaminsa ya ɗauka, shi ma wancan a bakin nasa. Babu wanda ya taɓa rubutawa.

Mauludin da ya wuce, a dare na huɗu, Malam ya ɗauko harafi, ya kai baiti na uku, sai murya ta ƙi. Ya yi tari, aka ba shi ruwan ɗumi, ya sake ɗauka, ta sake ƙi. Sai ya juyo ya dube mu ya ce, "To samari, wani ya karɓa." Wallahi muka yi tsit. Mutum goma sha ɗaya, wasunmu sun shekara ashirin a bayansa, aka rasa wanda zai iya jan harafin nan da karinsa daga farko har ƙarshe. Amshi muka iya. Daga baya wani yaro ya kunna wata Ishiriniya ta situdiyo a wayarsa aka sa a lasifika, mai fiyano da sautin kwamfuta. Malam bai ce komai ba. Ya zauna har aka gama, ya shafa addu'a, ya shiga gida.

Daga wannan dare gardama ta tashi a fada, ta kai mu har bayan kaka. Matasan cikinmu suka ce a ɗauki abin nan a kai shi gidan matasa: a jera kujeru, a kawo makirfo, a gayyato masu Ishiriniya na Dungas, a ɗauki bidiyo, in ta kama a sayar da tikiti ko na dala ashirin ne, a taimaki Malam da kuɗin magani. Suka ce yaran yanzu ba su zuwa zaure, amma in ka ce musu akwai taro a dandali za su cika wurin. Manyanmu suka ce a'a. Yabon Annabi ba wasan kallo ba ne. Ranar da aka fara tafa wa mai jan baiti, ranar riya ta shigo, kuma abin da aka yi don tafi ba shi da lada. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, shi ya sa aka kasa rabuwa. Har wasu biyu suka daina gaisawa na ɗan lokaci.

Ana cikin haka, da hunturu, sai ƙanin ɗaya daga cikinmu da ke karatu a Jamus ya turo bidiyo ta WhatsApp. Ya rubuta, "Yaya, ku saurari wannan, irin rigimarku ce wasu suka riga ku yi." Wani abokin karatunsa ne ya ja shi zuwa wani biki da ake yi a birnin Berlin a watan Disamba, tun daga shekarar 2011, inda ƙungiyoyin mawaƙa ke zuwa daga ƙasashe daban-daban suna rera waƙoƙin ibadar Yahudawa a gaban ƴan kallo.

Da jin kalmar Yahudawa, ɗayanmu ya miƙe ya ce shi kam ba zai saurara ba, bayan abin da idonsa ya gani ana yi wa yara a Gaza. Ba mu ga laifinsa ba, domin dukkanmu abin yana ci mana rai, kuma har yau muna yi wa Falasɗinawa addu'a. Washegari muka kai maganar gaban Malam. Da ƴar muryar da ta rage masa ya ce, "Wanda ya jefa bam, Allah zai tambaye shi. Amma waɗannan da za ku saurara, me suke rerawa?" Muka ce, "Allah gafarta Malam, wai yawanci Zabura ce, da harshen Ibrananci." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya tuna mana cewa Alƙur'ani ya ba da labarin yadda duwatsu da tsuntsaye suke amsa wa Annabi Dawuda (AS) tasbihi, kuma Manzon Allah (SAW) da ya ji daɗin karatun Abu Musa al-Ash'ari, da muryar gidan Dawuda ya kwatanta shi. Ya ce, "Ba sallarsu za ku bi ba. Ku ji yadda suka yi da nasu, ku dawo ku gaya mini."

Sai muka saurara. Mutum ɗaya ne a gaba sanye da baƙar riga, shi ke jan waƙa, su suna kiransa hazan. A bayansa maza da mata sun kai talatin, kowa da takarda a hannu. In ya ja, su amsa, kamar dai mu. Bambancin shi ne mu duka murya ɗaya muke bi, su kuwa sun kasu huɗu: masu siririyar murya, masu matsakaiciya iri biyu, da masu kauri a ƙasa, kowane rukuni da hanyarsa, amma duka su haɗu wuri guda ba karo. Ko kalma ɗaya ba mu fahimta ba. Amma telan cikinmu ya ce, "Kai, wannan kukan na san shi." Da suka gama sai zauren ya ɗauki tafi. Nan manyanmu suka ce, "Kun gani ko? Abin da muke gudu ke nan."

Yaron nan bai bar mu a nan ba. Ya riƙa turo mana bayani da saƙon murya dare bayan dare, mushen cikinmu kuma yana bincikawa a intanet yana fassara mana daga Faransanci. Ga abin da muka tsinta.

A zamanin da babban ɗakin ibadarsu na Birnin Ƙudus yake tsaye, akwai zuriya guda, Lawiyawa, da aikinsu ya haɗa da rera Zabura tare da kayan kiɗa. Da Rumawa suka rushe ɗakin a shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), sai aka ajiye kayan kiɗa a wajen ibada, aka koma murya zalla: mai ja da masu amshi. Haka karin ya riƙa tafiya daga baki zuwa baki shekaru aru-aru, na Yaman daban, na Maroko daban, na Poland daban. Wani abin da ya ba mu mamaki, a Andalus ɗin nan da ta haifi Alfazazi, mawaƙan Yahudawa irin su Ibn Gabirol da Yehuda Halevi da ma'aunin waƙar Larabci suka riƙa tsara waƙoƙinsu na Ibrananci, har da na ibada. Wato abin da muke amsawa a ƙofar zauren Malam da wasu daga cikin abin da suke rerawa, a ƙasa ɗaya aka auna su.

Rigima irin tamu ta same su a Italiya. Wani makaɗi Bayahude mai suna Salamone Rossi, wanda ke aiki a fadar sarakunan Mantua, ya tsara waƙoƙin ibada 33 da muryoyi masu hawa-hawa, aka buga su a Venis wajen 1622 zuwa 1623. Wasu malamansu suka ce wannan kwaikwayon coci ne, bidi'a ce. Wani malami mai suna Leon Modena ya rubuta fatawa yana kare abin, aka buga ta tare da littafin. Har matsalar rubutu suka ci karo da ita, irin wadda duk mai ajami zai gane: Ibrananci daga dama yake tafiya, alamomin sauti na Turawa kuwa daga hagu. A 1630 yaƙi da annoba suka afka wa Mantua, aka kori Yahudawan garin, daga nan ba a sake jin ɗuriyar Rossi ba. Littafin ne ya tsira, sai bayan fiye da shekara 200 aka sake buga shi a Paris, mutane suka buɗe suka rera.

A ƙarni na 19 abin ya bunƙasa. A Vienna akwai Salomon Sulzer, a Berlin kuma Louis Lewandowski, wanda aka haifa a 1821 ya rasu a 1894, shi ne bikin da yaron nan ya je ke ɗauke da sunansa. Lewandowski ya ɗauko tsofaffin karin da hazanai ke yi da ka, ya rubuta su, ya raba su murya huɗu. Shi ne shugaban mawaƙa a sabuwar babbar majami'ar Berlin da aka buɗe a 1866, mai ɗaukar mutum wajen 3,000. A nan ma an yi ta cacar baki a kan wani babban abin kiɗa mai bututu da ake kira ogan: wasu suka shigar da shi wajen ibada, masu riƙon gargajiya suka ƙi, kuma har yau ba su kaɗa shi ranar Asabar. Da muka ji wannan sai muka yi dariya, don mun tuna gardamar bandiri da ta fiyano a wajenmu.

Dariyar ba ta daɗe ba. A daren 9 ga Nuwamba 1938, ƴan Nazi suka cinna wa ɗaruruwan majami'u wuta a Jamus da Ostiriya. Kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, an hallaka Yahudawa kimanin miliyan shida, da masu jan waƙar da masu amshin. Garuruwa da yawa babu wanda ya rage da zai ce ga yadda kakansa yake rerawa. Abin da aka rubuta ya tsira, mafi yawan abin da ke baki kaɗai ya tafi da masu shi. A birnin Leipzig, a 1962, wani hazan mai suna Werner Sander ya kafa ƙungiyar rera waɗannan waƙoƙi, kuma mawaƙan da ya tara ba Yahudawa ba ne, domin jama'ar da za ta cika sahun ba ta nan. Ƙungiyar tana nan har yau tana zagaya zaurukan kallo.

A nan ne fadarmu ta yi shiru. Matasanmu suka ga gaskiyarsu ta fito: ba don takarda da dandali ba, da sautin nan ya ɓace. Manyanmu su ma suka ga tasu: abin da aka tsara don mai ibada ya amsa, ya koma abin da baƙo ke saya da tikiti ya zauna ya tafa. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Su masifa ce ta raba waƙar da masu ita. Mu fa? Babu wanda ya ƙone mana zaure. Abin da ke cin namu shi ne ci-rani da ke kwashe samari zuwa Kano, Legas, Aljeriya da Libiya, da wayar da ke hannun kowane yaro, da kuma lalacinmu, mu da muka shekara ashirin muna amshi ba mu taɓa cewa "Malam, koya mana ja" ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai misali ɗaya da ya fi kwantar mana da hankali, kuma a Afirka yake. A gabashin Yuganda, kusa da garin Mbale, akwai wata ƙaramar al'umma da ake kira Abayudaya, baƙaƙen fata manoma kamar mu, da suka rungumi addinin Yahudanci tun wajen 1919 a ƙarƙashin Semei Kakungulu. Suna rera Zabura da harshensu na Luganda da karin ƙasarsu. A zamanin Idi Amin an hana su ibada a fili, amma waƙoƙin ba su mutu ba. A 2003 aka fitar da faifan waƙoƙinsu a Amurka, har ya shiga takarar kyautar Grammy. Duniya ta ji su, kuma ranar Asabar suna nan a ƙauyensu suna rerawa da yaransu. Faifan bai cinye ibadar ba, saboda masu ita ba su sake ta ba.

Kuma da muka duba da kyau, Zabura ba sai an je Jamus ko Yuganda za a ji ta ba. Maƙwabtanmu Kirista Hausawa, waɗanda mishan ta fara aiki a cikinsu a Damagaram tun 1924, suna karanta ta da Hausa, matan zumunta kuma suna rera waƙoƙinsu da amshi ranar Lahadi. Mun sha wucewa muna ji ba mu tsaya ba. Mun kuma tuna ranar 16 ga Janairu 2015, da aka ƙona coci-coci a Damagaram, washegari a Yamai, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta yi a Faransa, alhali waɗanda aka ƙone wa ɗakunan ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Zanen ya ƙona mana rai, har gobe. Amma bayan mun ji labarin daren 1938, babu wanda ya iya ɗaga ido a cikinmu da aka ambaci wannan rana. In ɗakin ibada ya ci wuta, ba bango kaɗai ke tafiya ba.

Muka koma wajen Malam muka zayyana masa duka. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To me kuka yanke?" Ga abin da muka yanke, kuma shi muke kai yanzu.

Na farko, tun da rani muka fara zuwa zaurensa bayan la'asar, lokacin da muryar ta fi saki. Ba ya iya ɗagawa, amma yana iya yi ƙasa-ƙasa. Mu ajiye waya biyu a gabansa, ya ja baiti biyu ko uku na harafi da karinsa, ya huta. Wata rana harafi ɗaya muke samu, wata rana ko rabi. Abin da aka ɗauka muna zuba shi a katin waya uku, a gida uku daban, ɗaya kuma mu tura wa yaron nan na Jamus ya ajiye. Na biyu, mun raba haruffan a tsakaninmu, kowa ya ɗauki biyu ko uku, ya koya har ya iya ja, ya zo ya biya a gaban Malam. Telanmu ya sha gyara sau bakwai a harafi ɗaya kafin Malam ya gyaɗa kai. Na uku, taron da matasa ke so za a yi shi, amma a filin ƙofar zaure, a kan tabarmi, babu tikiti, babu tafi. Za a sa makirfo don mata a cikin gida su ji, za a ɗauki bidiyo don na ci-rani. Duk wanda ya zo ɗan amshi ne, babu ɗan kallo. Yara su ne a sahun gaba. Kuɗin maganin Malam kuwa mun mayar da shi adashi a tsakaninmu, ba sai an sayar da yabon Annabi ba.

Ba mu ce mun gama da matsala ba. Akwai haruffa huɗu da Malam ya ce karinsu ya kwance masa, yana jin su a ka amma ba su fitowa. Mun je Dungas wajen wani dattijo da aka yi mana kwatance, muka tarar karinsa daban ne da namu, ga daɗi, kuma shi ma babu wanda ya ɗauka a wajensa. Ɗan'uwanmu da ya ƙi sauraron bidiyon har yau bai saurara ba, kuma ba mu matsa masa ba. Amma shi ne ya fi kowa zuwa zaure da wayarsa, shi ne kuma ya fara haddace nasa haruffan.

Don haka muke roƙonku, mutanen Sassumburum, Yekuwa, Kwaya, Malawa, Guci, Dogo-Dogo da sauran garuruwanmu: in akwai tsoho ko tsohuwa a wajenku mai karin Ishiriniya, ko Burda, ko waƙoƙin wa'azi na ajami, ko ma waƙar daɓe da ta niƙa da iyayenmu mata ke yi da amshi, ku je yau da wayarku. Ku gaishe shi, ku nemi izini, ku ɗauka, sannan ku zauna ku koya da bakinku, don katin waya ba ya amshi. In kuma akwai wanda ya san karin da ake yi a yankin Magarya a da, musamman na haruffan ƙarshe, ya taimaka ya neme mu kafin Rabi'ul Awwal ya kama.

Allah ya ba Malam lafiya, ya jiƙan malamansa da iyayenmu, ya kawo wa Falasɗinu da duk inda ake zubar da jini sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.